Ɗan Hayata da Harshen Matattu

Ko tsufa ya kwashe min sunayen jikokina, ba zan manta daminar da na zauna sauraron harshen matattu ba.

Lokacin rashin tsaro ya raba ni da ƙauyenmu Karakkai, maigidana ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ina zaune a garin Damba, daga ni sai kaji. Sai na sa ɗan haya a ɗaki guda, wani Kirista daga wajen Tsafe mai karatun zama limamin coci. Ni kuwa ba na wasa da kowa, kuma idona na kan duk wanda ya taka ƙofata. Kullum da hantsi sai in ji yana gunguni shi kaɗai, ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Turancin rediyo ba. Ran nan na tsare shi.

"Kai, mi kake kira min cikin gida?"

"Latin ne, Inna. Da shi aka rubuta dokokin coci da littattafan sanin Allah."

"Su wa ke jin sa?"

"Masu shi sun mutu tuntuni."

"To, da wa kake hira?"

Na san irin wannan kaɗaicin, a gidana yake kwana.

Ashe jarrabawa ke gabansa: a miƙa masa littafi gaban manyansu, ya karanta da ƙarfi, ya fassara. Ya taɓa faɗuwa, don da ya ga idanu a kansa sai harshe ya ƙage. In ya sake faɗuwa, gida za a maida shi.

Ya ce, "Inna, fuskarki ta fi tasu ban tsoro. Don Allah ki riƙa hararata ina karantawa."

Na ce, "Ja'iri! Ɗauko tabarma."

Haka muka yi. Ina ɓarar gyaɗa, yana tsaye gabana yana zuba, ni ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma da ya sunkuyar da kai sai in buga faifai, ya koma farko. Wani lokaci ya fassara min musun malamansu kan aure ko kan rai, in ce mutanen nan ba su da gona ne? Maƙwabta suka fara cewa tsohuwa za ta shiga coci. Da an kira azahar shi da kansa ke rufe littafi, ya ɗebo min ruwan alwala.

Ya ci jarrabawar. Cin nata kuma shi ya sa aka tura shi nesa ƙaro karatu. Ya durƙusa gabana da akwati yana hawaye, na ce, "Tashi, mota ba ta jiran kuka." Sai da ya fita na juya fuska bango.

Na koyi cewa ba sai ka fahimci maganar mutum kake zama abokin zamansa ba. Kuma duk wanda ka tsayar da ƙafarsa, da ita zai bar ka. Duk da haka, a tsayar da shi.