Faifan Jirgin Kwal da Ya Ƙi Buɗuwa

Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya fara da zuba kwal a tukunyar jirgi, daga baya ya zama direba, kuma ya ajiye aiki tun ina firamare. Ba mutum ne mai ba da labari ba. In aka tambaye shi zamanin aikinsa, sai ya ce, "An sha zafi," shi ke nan.

Shekarar da yayana ya tafi ƙarin karatu Ingila, ya aiko masa da faifan DVD ta hannun wani maƙwabcinmu. Fim ne a kan tsofaffin jiragen kwal, a cikin kwali mai kyau, da hoton jirgi yana fitar da hayaƙi. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, ina zaune a gidanmu na Soron Ɗinki. Na'urar kallon gidan ta ƙone tun da damina, don haka sai kwamfutata ta tebur, wadda na saya ta hannu.

Bayan la'asar na shimfiɗa wa Baba darduma a ɗakina, na sa faifan. Ya yi ta juyawa yana ƙugi, can sai rubutu ya fito a allo cewa wannan faifai ba na shiyyarmu ba ne. Na ciro shi, na goge da gefen mayafina, na mayar. Rubutun ya sake fitowa. Na kashe kwamfutar na kunna, duk ɗaya.

"Uwata, ya lalace ne?" in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Wai ba a yi shi don ƙasarmu ba."

Ya karɓi kwalin ya jujjuya. "To shi faifan ya aka yi ya san inda yake?"

Abin da ya fi ba ni haushi, faya-fayan bakin titi da ake kwafa barkatai ba su taɓa yi mini gardama ba. Sai wannan na asali, wanda aka saya ta hanyar da ta dace, shi ne ya ƙi mu.

Ranar Asabar na ɗora akwatin kwamfutar a A Daidaita Sahu na kai wa wani mai gyara a Ƙofar Mazugal, dattijo mai furfura wanda ya fara da gyaran rediyo. Ya karanta rubutun, ya nuna mini wata 'yar alama a bayan kwalin, hoton duniya da lamba biyu a tsakiya.

"Malama, masu fim sun raba duniya shiyya-shiyya, sun kulle kowane faifai da lambar shiyyarsa. Wannan na Turai ne. Abin karanta faifan da ke cikin kwamfutarki kuma an saita shi a kan Amurka."

"Ba a sauyawa, Malam?"

"Ana sauyawa, amma sau biyar kawai. Wanda ya riga ki mallakarta ya cinye huɗu. In kika taɓa na ƙarshen, a nan zai tsaya har abada."

Ina da faya-fayan darasi guda shida 'yan Amurka, na zagayawar jini da na tsirrai, waɗanda nake nuna wa ɗalibaina. In na buɗe na Baba, na rufe nasu.

Ya ce bari mu gwada wata hanya. Ya sa mini wata manhajar kallo da wani lokaci takan tsallake kullen. Sauti ya fito kaɗan, hoton kuma ya farfashe, koren dabbare-dabbare ya cika allo, sannan komai ya tsaya cak. Ya girgiza kai. Ya ce mafita ita ce a ƙara wa kwamfutar abin karanta faifai na biyu, amma ba shi da irinsa a ƙasa, sai an dace.

Kwana uku ina juya maganar. Baba bai sake tambaya ba, sai dai na lura ya ajiye kwalin a kan tagarsa, kusa da tabarau. Idonsa ya riga ya fara rauni a lokacin. Na ga ɗalibaina zan iya zana musu zuciya da alli, kamar yadda aka zana mana. Ranar Laraba na zaɓi Turai, kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna.

Jiniyar jirgi ce ta fara cika ɗakin. Baba ya gyara zama, ya matso har gwiwarsa na taɓa teburin. Da aka nuno mai zuba kwal yana aiki, sai ya ɗaga hannu.

"Kai, ya cika masa ciki! Kaɗan-kaɗan ake watsawa, a bi kusurwa. Haka zai shaƙe wutar."

Na tsayar da fim ɗin na ce ya yi mini bayani. Ranar na ji yadda ake sauraron numfashin jirgi a gane ko zai iya hawa tudu, da yadda suke dafa shayi a bakin tukunya, da wani abokin aikinsa mutumin kudu da suka yi shekara tara tare, wanda ya koya masa karanta agogon tururi. Fim ɗin awa ɗaya ne, amma sai da muka yi sati muna kallonsa, saboda tsayawa. Mahaifiyata takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ce ita ma ba ta taɓa jin labarin shayin ba.

Zangon karatun nan gaba ɗaya da alli na koyar da zagayawar jini, kuma zanena bai yi kyau ba. Sai bayan wata huɗu mai gyaran ya aiko a ce in kawo kwamfutar, ya ciro abin da muke nema daga wata matacciyar kwamfuta, shi kuma saitinsa na kan Amurka. Ya ɗaura shi a ƙarƙashin na farkon, ya manna wa kowanne 'yar takarda don kada in rikice: na sama ya rubuta "Baba", na ƙasa "Makaranta".