Sista Hansai, Mai Zama da Dangin Waɗanda Aka Ɓatar

An tone ramin, an fito da ƙasusuwa, amma har yau ba a ce wa Bashari ga na ƙanensa Luqman ba. Bashari direba ne a wani sito da ke Al-Sulay, a nan Riyad. Shekarun baya wasu masu kaki suka shiga garinsu a Najeriya, suka kwashe samari a mota, har da Luqman. Ba a kai su kotu ba, ba kuma wanda ya amsa cewa suna hannunsa. Sai bana aka gano ramin a bayan gari.

Da labarin ya iso, 'yan garinsu suka yi abin da aka saba. Suka cika ɗakinsa da gaisuwar mutuwa, wasu har da turo masa bidiyon tonon. Ya nemi kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya bar shi ya je gida, kullum amsar ita ce "bukra", sai gobe. Bashari ya daina cin abinci.

Maigidan Sista Hansai ne ya ɗauko shi zuwa gidansu a Al-Nasiriya. Ita ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ta daɗe tana buɗe falonta duk Juma'a bayan masallaci ga masu irin wannan jira. Ba ofishin da ya sa ta. Masu gaisuwar da suka biyo shi, tambaya ɗaya ta yi musu.

"Wa ya nuna muku gawa?"

"Haba Sista, ai shekaru sun ja," in ji wani.

"Shekaru ba gawa ba ne. Ku goge bidiyon nan, 'ya'yan mutane ne a ciki."

Ranar da aka baje kayan da aka tono don dangi su duba, kawun Bashari ya kira ta bidiyo daga bakin ramin. Ita ta riƙe wayar.

"Bashari, za ka gani, ko in faɗa maka?"

"Faɗa mini, Sista."

"Takalmin roba ne, shuɗi."

Bashari ya ce, "Rabin samarin garinmu irinsa suke sawa."

"To mu tsaya nan. Ba mu sani ba tukuna." Ta tura masa kwanon tuwo, ya ci.

Hansai, ke ce ba ki taɓa kashe wa mutum ɗan'uwa da baki ba, ba ki kuma raya masa shi da ƙarya ba. Waɗanda suka haƙa ramin nan suna barci a gidajensu, ke ce kike zama da ɓarnar da suka bari. Mun gode. Likitocinmu da ma'aikatan jinya da ke Riyad, ku je ku koya tun tana nan.

Kwantiraginta zai ƙare a ƙarshen watan nan. An ce za a tone rami na biyu, kuma har yanzu ba wanda ya ce zai buɗe nasa falon.