Gurbin Inna a ma'ajiyar Yaya

Mun tashi daga Madawa ana fitowa sallar asuba, ni da abokin aikina na lakwal, makarantar da muke koyarwa, bisa babur ɗinsa. Suna za mu ci a Keita gidan ƙanwata, amma hankalina na kan wayata. Ta fara mutuwa da kanta, kuma a cikinta ne kaɗai nake da bidiyon marigayi Baba, yana zaune gindin rumbu yana ba mu labarin yadda kakanmu ya sari gonarmu. Na daɗe ina auna ma'ajiyoyin intanet. Ta kyauta ta cika tuni, ta kuɗi kuma sai da katin banki, abin da ban taɓa riƙewa ba.

Hanyar Buza ta girgiza mana hanji. Tsakuwa, gangare, motocin albasa masu tafiya a karkace kamar za su kwanta. A tasha mun ci kwaɗon zogale, mai tallar ta rage ƙuli ta ƙara kuɗi, ta ce laifin damina ne.

A shagon ƙanena na Buza abin ya soma. Yana nuna mini ragunansa a waya, na ce ya yi hattara kada hotunan su salwanta. Ya yi dariya.

"Ai suna sama, Yaya. Babban Yaya na Abijan ya saya muna ma'ajiya ta iyali. Kai ba ya sa ka ba?"

Na ce na manta ne. Ƙarya nake. Ban taɓa jin zancen ba. Raguna! Ragon da za a yanka da layya yana da wurin ajiya, Baba ba shi da shi.

A Keita ma haka. Mai jego na kwance tana tura bidiyon masu barkwanci da hotunan lalle, ba ta ko duba abin da ya rage. Mijinta ma an ba shi gurbi, mutumin da ya shigo gidanmu jiya jiya. An ci fanke, an sha fura mai kyau, ni ina gefe ina ƙirga gurabe a zuci. Daga ƙarshe na kira Abijan.

"Kai hwa mushe ne, malamin lakwal mai albashi," in ji Yaya. "Na ɗauka kana da naka. Gurbin ƙarshe Inna nib ba."

Inna, wadda kira kaɗai ta iya amsawa.

Washegari muka wuce Ibohamane gaishe ta, tsakanin tuddai da kwaruruka da ƙayar da aka dasa ta zama daji. Na yi niyyar yin shiru, amma tun ban gama shan ruwa ba ta karanci fuskata. Na zayyana mata komai, har da ragunan. Ta kwance wayarta daga bakin zane ta miƙo mini.

"Sa shi cikin nawa. Dama ubanku ɗakina shika kwana."

Rezo, wato layin waya, sai kan tudu. Can na hau da wayoyi biyu, rana na dukana, layin na ja da ƙyar har bidiyon ya shige. Na yi kuka kaɗan, abokina ya yi kamar yana duba taya.

Mun iso Madawa da la'asar, jiki duk ja da ƙasa. Abin da na koya, kafin ka zaɓi ma'ajiya ka tambayi yadda ake biya, ko tana aiki da rezo mai rauni, da kuma hannun da mabuɗin yake. Wannan na ƙarshen ne ban tambaya ba. Ƙanena na Buza ne ya buɗe wa Inna gurbin, lambarsa ake aiko wa kod ɗin shiga. Bidiyon ya tsira, na gode Allah. Amma yanzu duk ranar da na so jin muryar ubana, sai na kira mai raguna ya ba ni izini.