Jan Daɓen Gidana

A makarantar mishan da mahaifina ya kai ni, can kudancin ƙasarmu, kowace Asabar ana raba wa ɗalibai jan man daɓe da tsumman bargo. Mukan durƙusa mu shafe simintin ɗakin kwana, sa'an nan mu taka tsumman mu yi ta gurzawa har sai mai dubawa ya ga hoton taga a ƙasa. Da na ajiye aikin koyarwa na gina gidana a Jega Firchin, ban watsar da wannan tarbiyya ba. Falona da barandar da ta haɗa shi da ɗakin maiɗakina ja ne wur, kuma ban taɓa yarda wani hannu ya goge su ba sai nawa.

Bara, bayan an kwashe albasa, babban ɗana da ke aiki a Birnin Kebbi ya zo da magana. Ya ce mun tsufa, ƙannensa duk sun watse, gida ya rage daga ni sai uwarsu, don haka ya gyara mana ɗaki a benensa. Na ƙi. Uwarsa ma na san ba ta ƙaunar rabuwa da unguwar da ta tsufa a cikinta. Da gardama ta yi tsawo, sai muka tsaya a kan sharaɗi guda. Ƙaramin asibitin unguwarmu ya fara tura ma'aikata gida-gida su duba tsofaffi tun ciwo bai kwantar da su ba. Idan wadda za ta zo ta ce gidan ya dace da mu, mu zauna. Idan ta ce bai dace ba, mu tattara.

Na shirya wa zuwanta kamar yadda nake shirya wa sufeton makaranta. Na sa aka share tsakar gida, na jera magungunanmu bisa tsawon kwalabensu, na kuma ƙara wa daɓen mai fiye da na kullum, na gurje shi har gwiwoyina suka yi tsami.

Da hantsi ta iso. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar Maiyama da aure ya kawo Jega. Ta yi sallama, ta tuɓe takalmanta a bakin baranda kamar yadda ladabi ya tanada, ta bar safa kaɗai a ƙafarta. Tana ɗora ƙafa a kan daɓen sai ta tafi suu, ta rungumi ginshiƙi, jakar kayan aikinta kuwa ta riga ta shiga falo, ta tsaya a ƙarƙashin kujerata.

"Baba, wanga ba daɓe ba na, tarko na," ta ce, tana dariya, ba ta saki ginshiƙin ba.

"Daɓe ne da aka kula da shi," na amsa. "Ke ce kika taka shi da gaggawa."

"Ni mai ƙarhi ke nan. Inna hwa, ƙaƙa take wucewa?"

Maiɗakina, wadda ta fito tarbar baƙuwa, ta nuna bango. "Nan nika bi, ɗiyata. Malam shina goge ƙasa, ni ina goge bango. Kowa da aikinshi."

A kan farar ƙasar bangon akwai wani dogon zane mai duhu, daidai tsayin hannu, tun daga ƙofarta har falo. Na sha sa a shafe shi, ina ɗora laifin a kan jikoki.

Dole in faɗi gaskiya, matar ta yi aikinta bisa tsari. Ta auna jininmu, ta duba idanunmu, ta sa kowannenmu ya tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Ta tambayi abin da muke ci da yadda muke barci. Ta leƙa makewayi, ta ce a kafa ƙarfen dafawa a gefe. Ta ce in rage gishiri, na ce wannan magana ta mai girki ce, mai girkin ta ce ni ne mai ƙarawa a kwano. Da ta gama, ta zauna a bakin tabarma ta dube ni.

"Gidanga ya hi bene dacewa da ku, Baba. Ba hawa, ga maƙwabta ko'ina. Amma da wanga sheƙi, ba ni ce ma ɗanku ku zauna. Tsoho in ya hwaɗi ya karya ƙugu, ba kowa ka tashi ba."

Na nemi sassauci. Na ce a bar mini falo, a ɗauki baranda. Ta ƙi. Na ce to a yarda in goge shi da Sallah kaɗai, saboda baƙi.

"Ran Sallah ƙashi ba shi karyewa?"

"Malam," in ji maiɗakina, "can gidan ɗanka wa zai bar ka ka goge ko da cokali? Ko ka zauna ko ka tahi, daɓen dai ya tahi."

Na auna maganar, ban sami inda ta karkace ba. Har yau ina nan a kan cewa daɓe mai sheƙi alamar gida ne mai tarbiyya, amma ba zan ba da gida da matar gida saboda alama ba.

Tun da za a cire man, na ƙudura a cire shi yadda ya kamata. Na ɗauko magina biyu daga Birnin Malam, suka zo da yashi da toka da ruwan zafi. Na tsaya a kansu, duk inda suka bar ɗigon ja na sa suka koma. Da suka gama, daɓen ya fito toka-toka kamar bayan jaki. Maƙwabcina mahauci ya leƙo ya yi mini gaisuwar rashi, da fuskarsa a murtuke, na kuwa amsa masa yadda ake amsawa.

Da wata ya zagayo ma'aikaciyar ta dawo. Ta tuɓe takalmi, ta gwada zamewa da gangan, safarta ta cije. Ta girgiza ƙarfen makewayi, bai motsa ba. Nan a gabanmu ta sa na kira ɗana a waya, ta ce masa iyayensa suna nan daram a gidansu, kuma za ta riƙa leƙo mu. Sai ya ce a ba ni wayar.

"To, Baba, ku zauna. Amma duk abin da ta ce a gyara, a gyara."

"Ba kai za ka koya mini cika sharaɗi ba," na ce.

Baƙuwar tana fita, maiɗakina ta shige ɗakinta, na ji tana jan wani abu a ƙasa. Da na leƙa, sai na ga ƙunshin kaya tana fiddowa daga ƙarƙashin gado, zannuwanta da kwanukanta, waɗanda ta ɗaure a ɓoye tun ranar da ɗanmu ya zo da maganarsa. Tana kwancewa tana mayar da kowanne mazauninsa. Na zauna na taya ta, ban kuma ce uffan ba game da yadda aka ninke zannuwan, ko da yake akwai abin faɗa.