Wayar da ba ta san Juma'a ba

"Wallahi bana ko hanyar Maraɗi ban kalla ba," in ji Sale dillali, yana miƙa wayarsa har da murmushi.

Jiya ke nan, a caji ofis nan Jibiya. Bijimin Kawuna ne ya ɓace, aka ce an ga Sale yana tallarsa a ƙetare, can Maraɗi. Ni na raka Kawu.

Mai binciken ta haɗa wayar da kwamfuta, ta duba, ta ɗago kai.

"Malam Sale, sabuwa ce?"

"Ta daɗe a hannuna, ranki ya daɗe."

"Kuma babu saƙo ko ɗaya? Ko barka da Juma'a ba a taɓa turo maka ba? Ba ka da dangi ne?"

Ashe gogan naka share komai ya yi tas kafin ya zo. Tsabtar ce ta sa ta tono abin da aka goge. Sai ga hoto ya dawo: bijimin Kawu a kasuwar Maraɗi, Sale riƙe da igiya, baki har kunne.

Kawu ya leƙa ya ce, "Ka yi kyau, Sale."

Jama'a, ku duba wayoyinku ku gaya mini, akwai wanda dangi suka bari ya huta ranar Juma'a?