Ruwa a Tiyon Baba

Ni ɗan fadama ne, da kunne na san tiyo. Tun ina yaro a Argungu Baba ya koya mini: in tiyon injin ban ruwa ya fara ƙugi, wani abu ne ya tsaya a lanƙwasarsa, sai ka ɗaga shi ya wuce gaba. Shekara talatin ina yin haka ba tare da tunani ba. Sabo turken wawa.

Shekarar da ciwon huhu ya kayar da Baba, aka kawo shi asibiti a Birnin Kebbi, aka sa masa injin numfashi. Siririn bututu ya shiga ta bakinsa har maƙogwaro, aka haɗa da tiyo biyu, ɗaya na kai iska, ɗaya na fito da ita. Bayan La'asar ake barina in shiga. Wallahi tsoron ɗakin nake yi. Injin ya hura, ƙirjin Baba ya tashi, ni kuma in riƙe nawa numfashin sai ya sauka.

Rana ta huɗu na ji ƙarar ta canza. Ɓul-ɓul, ɓul-ɓul. Na duƙa, sai ga ruwa kwance inda tiyon ya lanƙwasa, iska na kokawa da shi kafin ta wuce. Nas ɗin da ke kula da ɗakin tana wajen wani gado. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na ɗaga tiyon, ruwan ya gangara ya nufi bakin Baba.

"Malam, sake shi!"

Ban san sanda ta iso ba. Ta danne tiyon, ruwan ya dawo, ta tsiyaye shi cikin wani ɗan kofi da ke maƙale a ƙasa. Bayaninta a hankali ya fi mini zagi ciwo. Ta ce iska mai ɗumi da laima ake ba shi, in ta huce a hanya sai ta zama ruwa ya tsuke mata hanya. Kunnena ya ji daidai, amma gaban wannan tiyon ba fangalin albasa ba ne, huhun tsoho ne.

Saura taƙi ɗaya ruwan ya isa bakin Baba. Na gwada tsawon da yatsuna bayan na fita waje.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, ban kuma taɓa gaya masa ba. Ranar da ya fara komawa fadama yana zaune a inuwa, tiyo ya yi ƙugi, na tsaya ina kallonsa.

"Kai, mi kaka jira?" in ji shi. "Ɗaga shi mana."

Na kasa.