Abu Zakiya da Tawadar Sojojin Roba

A unguwar Nuzla ta Jidda ba mai kiransa Abdulghani sai in takardar hukuma ce ta zo. Kowa Abu Zakiya yake cewa, don Zakiya ce kaɗai 'yar da Allah ya ba su shi da matarsa Barakatu. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Gumel a ƙafa don ya sauke farali, da ya sauke ya dubi hanyar komawa ya ce ƙafarsa ta yi iya yinta.

Abu Zakiya ya fi shekara talatin yana aiki a wani kamfanin kujeru da ƙofofi a unguwar masana'antu ta garin. Shi ne na ƙarshen layi. Kafintoci su gama nasu su turo masa katako fari fat, shi kuma ya shafe shi da launi har jijiyoyin icen su fito, sannan ya bi da mai sheƙi. Farcensa bai taɓa yin fari ba, ko ranar salla.

Da ya cika sittin aka yi masa walima aka ce ya je ya huta. Hutun nan sai ya zame masa ciwo. Ya gyara kowace ƙofa a gidan, ya sake wa kujerun falo launi, ya sake sakewa. Daga nan ya fara leƙa kicin yana gaya wa Barakatu cewa albasa ta yi yawa.

"Abu Zakiya," in ji ta, tana riƙe da ludayi, "ka nemi abin yi tun kafin ni in nemo maka."

Abin yin ya fito ta inda bai zata ba. Mijin Zakiya, Mazen, ɗan Hausawan Makka ne, yana aikin ofis a tashar jiragen ruwa. Yana jin Hausa sarai, amma in ya ɗauko ta sai ta karye masa a baki, ya ƙarasa da Larabci. Tsakaninsa da surukinsa gaisuwa ce, sai kowa ya dubi kofin shayinsa. Wata Juma'a tsofaffin suka je cin abincin rana a gidan 'yarsu. Abu Zakiya ya tashi zai wanke hannu, ya ga ƙofar wani ɗaki a buɗe, a ciki teburi cike da 'yan mutane na roba, kowanne bai fi babban yatsa ba, da masu da garkuwoyi.

"Yaran maƙwabta ne suka bar kayan wasansu?"

Mazen ya sosa ƙeya. "Nawa ne, ya ammi." Haka yake kiransa, wato baffa da Larabci.

Ya yi bayani yana haɗa harshe biyu. Wasan yaƙi ne da manya suke yi a kan teburi. Ana jera duwatsu da gidaje na kwali, kowa ya kawo rundunarsa, a riƙa jefa 'ya'yan lido don a ga wanda saransa ya ci, a auna tafiyar sojoji da tef ɗin awo. Ba a sa ko riyal, nasara ce kawai da dariya. Sojojin kuma babu launi ake sayo su, kowa shi yake yi wa nasa fenti.

Abu Zakiya ya yi dariya har da tari. Ƙato da gemu, da mata, da albashi! Amma bai fita daga ɗakin ba. Mazen ya ga haka, ya ɗauki wani soja da ya riga ya shafa wa ja da ruwan ƙasa, ya tsoma buroshi a wata 'yar kwalba mai tsinkakkiyar tawada, ya shafe shi gaba ɗaya. Tawadar ba ta tsaya a sarari ba. Ta gangara da kanta ta shige ninkin riga, ta kwanta a ƙarƙashin haɓa, ta zagaye idanu. Nan take robar da ba ta da fuska ta zama mutum mai ɗaure gira.

Dariyar tsohon ta tsaya. Abin da ya yi ta yi wa katako ke nan duk rayuwarsa, bai taɓa sanin ana yi wa abu ƙarami haka ba.

"Sake yi in gani," ya ce.

Mazen ya karkata kwalbar, saura ɗan ɗigo a ƙasa. Daga waje ake kawo ta, kuma ta ƙare a shagon da suke wasa.

"Wannan ruwan? Ai ba ta fi ƙarfina ba. Ba ni goma daga cikin mutanen nan naka, ka ba ni mako guda."

Makon nan ya zama watanni. Da farko Barakatu ta kafa sharaɗi: mutum-mutumi ba za su zauna mata a fili ba, sai cikin akwati a rufe, kuma ba a ɗakin da ake salla ba. Ya yarda, ya kafa teburinsa a baranda. Ya fara da gahawa mai kauri. Ta yi kyau ranar farko, amma da laimar Jidda ta taɓa ta sai sojojin suka yi furfurar fumfuna. Ya gwada zoɓo don ya sami ja, da ya bushe ya koma toka-toka. Ya sake dafa wani shayi har ya yi baƙi ƙirin, ya manta cewa ragowar na karin safe ne mai sukari. Washegari ya buɗe akwati ya tarar kiyashi sun yi wa rundunar ƙawanya, sun hau kan kowane soja. Barakatu ta leƙo ta kama baki.

"To, an ci ku da yaƙi tun ba ku fita ba."

Ya bar kayan kicin, ya hau mota zuwa Balad, tsohuwar kasuwa, ya sayo tawadar masu rubutun hannu, baƙa da ja da ruwan ƙasa da shuɗi. Ya haɗa ta da farin man katako irin wanda ake tsinkawa da ruwa, wanda ya sani tun a wurin aiki, don ta kama jikin roba. Ta kama, amma ta ƙi gangarawa, sai ta taru dunƙule-dunƙule. Ya ɗauki waya ya kira Mazen, karo na farko da ya taɓa kiransa ba don wata sanarwa ba. Mazen ya ce ya ji ana ɗiga sabulun wanke kwanoni, ɗigo ɗaya tak. Aka ɗiga, ta gangara. Sai kuma wata matsalar: in ta bushe tana barin farin zobe kamar gishiri.

Barakatu ce ta warware wannan, tana guga ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ruwan famfo kake sawa? Ni ko a dutsen guga ba na zuba shi, fari yake bari. Tari wanda yake ɗiga daga mukayyif."

Ya sa roba a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗakin, ya tara ruwan, ya haɗa. Bayan la'asar ya shafa wa soja ɗaya ya zauna yana jira. Da ta bushe ya ɗaga shi a hasken rana, ya juya shi, ya sake juyawa. Babu zobe, babu dunƙule. Ya miƙe da silifa ƙafa ɗaya ya shiga kicin yana cewa, "Hajiya, dubi fuskarsa! Dubi gashin bakinsa!" Ta duba, ta ce masha Allah, ta ce kuma ya fita mata daga kan tukunya.

Daga nan kwalabe suka yi yawa a baranda. Kowacce ya liƙa mata suna da Hausa, yadda launin ya tuna masa. Akwai Baƙin Tukunya, akwai Tsatsa, akwai Ruwan Kududdufi, akwai wata kore mai duhu da ya sa wa Miyar Kuka. Mazen ya riƙa biyowa bayan aiki, su zauna kafaɗa da kafaɗa kowa da buroshinsa. Kunyar surukuta ba ta tafi duka ba, amma yanzu akwai abin faɗa. "Miƙo Tsatsa," in ji tsohon. Mazen ya miƙa, ya tambayi mece ce kududdufi, don shi bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Zakiya ta ce Hausar mijinta ta ƙaru a barandar nan fiye da duk shekarun aurensu.

A cikin rundunar da Abu Zakiya ya gama akwai wani mai riƙe tuta, ga tumbi ga gashin baki. Ya ce sak tsohon shugabansu na wurin aiki, wanda ba ya amsa gaisuwa. Ya sa masa suna Mudir, wato manaja da Larabci.

Wata Asabar abokin wasan Mazen ya yi tafiya, ga shi an shirya karawa a shagon. Mazen ya daɗe yana juya maganar kafin ya ce, "Ya ammi, ko za ka zo?" Abu Zakiya ya ce shi dai rakiya zai yi. Amma ya sa farar jallabiyarsa ta salla, ya rungumi akwatinsa a cinya har arewacin gari.

Shagon cike yake da samari da magidanta, wasu da kayan aiki a jikinsu. Aka haɗa shi da wani mai suna Thamer, mai sayar da magani, ƙato mai yawan dariya. Mazen ya tsaya a gefe yana gaya masa dokoki. Abu Zakiya ya jera mutanensa, ya dubi na Thamer da suka cika rabin teburi, sai ya kwashe nasa duka ya ɓoye a bayan wani dutsen kwali.

"Ya ammi, sai ka fito da su za a yi yaƙin," in ji Mazen.

"Ka san wahalar da na sha a kan rigunan nan? In fito da su a kashe mini?"

"Ai ba mutuwar gaske ba ce, gefe za a ajiye su."

"Ko gefen ne ban yarda ba. Ga Mudir nan, ya je."

Ya tura mai tumbin shi kaɗai tsakiyar fili. Thamer ya jefa 'ya'yan lido, bai same shi ba. Ya sake, bai same shi ba. Maharbansa duka suka yi ta harbi, Mudir yana tsaye da tutarsa. Mutane suka bar teburansu suka taru, kowace jifa sai ihu. Abu Zakiya ya riƙe kai yana cewa, "Haka yake a wurin aiki ma, ba abin da yake samunsa!" Thamer ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. A ƙarshe ya zagaya bayan dutsen ya kwashe sauran rundunar ɗaya bayan ɗaya. Abu Zakiya ya sha kaye, Mudir ne kaɗai ya rage a teburi.

Bayan wasa Thamer ya ɗauki sojojin yana dubawa, ya tambayi wace tawada ce. Abu Zakiya ya buɗe jaka ya fito da kwalabe, ya ce duk mai so ya ɗauka, in ta ƙare ya dawo da kwalbar a cika masa. Ya kuma faɗa musu yadda ake haɗawa, har da ruwan mukayyif, ya ce wannan dabarar matarsa ce. Tun daga ranar ba ya fashin Asabar. Har yanzu an fi cinsa fiye da yadda yake ci, kuma ba ya damuwa. Abin da yake ba shi dariya shi ne ya ji Larabawa suna ƙwala wa juna kira daga wannan teburi zuwa wancan: "Wa yake da Bakin Tukuniya?"

Thamer ya fi son koren. Wata rana ya ɗaga kwalbar ya ce, "Ya Abu Zakiya, wannan Miyar Kuka, mene ne ma'anarta?"

Abu Zakiya ya fara bayanin bishiya da ganye da daka, ya ga ba ta shiga, ya ce, "Halas, shi ke nan. Juma'a bayan masallaci ku zo Nuzla."

Da ya gaya wa Barakatu, ta ce wato yanzu har rundunar tasa za ta ciyar. Amma tun Alhamis ta aika a sayo mata kuka da daddawa wurin wata 'yar Sudan da take sayarwa, ta kira Zakiya ta zo ta taya ta tuƙi. Ranar Juma'a motoci suka cushe a lungun har mai shagon kusa ya fito yana tambaya ko ɗaurin aure ake. Aka shimfiɗa leda a falo, aka jera tuwon shinkafa da miyar kuka da naman rago da man shanu.

Baƙin suka ƙura wa miyar ido. Thamer ya fito da kwalbar daga aljihu, ya kara ta kusa da kwano, ya ce wallahi launin bai kuskure ba. Abu Zakiya ya nuna musu yadda ake yanko loma a yi mata rami da babban yatsa. Na farko miyar ta zille wa Thamer ta bi masa hannu har gwiwa. Na biyu ya kai baki. Ya tauna, ya lumshe ido, gumi ya keto masa saboda yaji, ya miƙa hannu ya ƙara. Mazen kuwa, da yake shi ɗan gida ne, ya zama malami, yana gyara wa kowa riƙon loma da Hausarsa mai ɗingishi.

Kafin la'asar kwanukan sun koma fes. Thamer ya jingina da bango, ya ɗaga murya yadda za a ji a kicin, ya ce, "Ya khala Ummu Zakiya, Allah ya saka da alheri! In akwai saura, ni ina da roba a mota."

Daga bayan labule Barakatu ta ce a gaya masa ya je ya ɗauko.